BABI NA UKU: SARRAFA INJIN BABUR DOMIN ƘERA JIRGIN SAMA NA GIDA

3.0 GABATARWA

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sana'ar kanikanci da walda a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, da yadda noman rani da ya bunƙasa bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 ya sa ƙananan injuna suka wadata a yankin. A wannan babi kuwa za a dubi wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin matasan garejoji, wato ko injin babur zai iya ɗaga jirgin sama. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin duk wanda ya amsa ta ba daidai ba, kuma ya hau abin da ya ƙera, da ransa zai biya kuskuren. Saboda haka za a kawo tarihin al'amarin, sannan a auna irin injin da ake samu a wannan yanki da abin da jirgi yake bukata.

3.1 DANGANTAKAR BABUR DA JIRGIN SAMA A TARIHI

Mutane da dama suna ɗauka cewa sanya injin babur a jirgi dabara ce ta wanda ya rasa abin da ya dace. Tarihi bai goyi bayan wannan zato gaba ɗaya ba. Jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar a Kitty Hawk ta ƙasar Amurka ranar 17 ga Disamba, 1903, masu gyaran keke ne suka ƙera shi, kuma bakanikensu Charlie Taylor ne ya haɗa injinsa. Ƙarfin injin doki 12 ne kacal, nauyinsa kuwa kimanin kilo 80. Da sarƙa irin ta keke aka haɗa shi da farfela biyu. A shekarar 1904 injin babur na Glenn Curtiss ne ya tuƙa jirgin balan-balan na Thomas Baldwin, daga baya kuma Curtiss ya koma ƙera jirage. Haka kuma injin da ya ƙetarar da Louis Blériot daga Faransa zuwa Ingila ranar 25 ga Yuli, 1909, na Alessandro Anzani ne, wanda asalinsa ɗan tseren babur ne mai ƙera injunan babura. Silinda uku gare shi, da ƙarfin doki 25.

Misalin da ya fi kusa da wannan nazari shi ne gasar ƙananan jirage da aka yi a Lympne ta Ingila a shekarar 1923, inda aka ƙayyade cewa girman inji kada ya wuce sisi 750. Wannan sharaɗi ya tilasta wa masu ƙira komawa ga injunan babura. Wani jirgi mai suna Wren ya shiga gasar da injin babur na kamfanin ABC mai sisi 398, ya kuma yi tafiyar mil 87.5 da galan ɗaya na fetur. Sai dai ya kamata a lura da siffar jirgin. Nauyinsa ba tare da matuƙi ba kilo 105 ne, faɗin fuka-fukansa kuma ya haura mita 11. Wato kusan shawagi yake yi irin na shirwa, injin taimako kawai yake bayarwa.

A Amurka, a ƙarshen shekarun 1920, Edward Heath ya riƙa sayar da zanen jirginsa mai suna Parasol ga masu son haɗawa a gida, da injin babur ƙirar Henderson mai silinda huɗu. A Faransa kuwa Henri Mignet ya tayar da nasa, Pou-du-Ciel, a 1933 da injin babur mai ƙarfin doki 17, ya kuma wallafa littafin yadda ake ƙera shi a 1934. Jama'a suka yi ta ƙerawa a bayan gidajensu. Zuwa 1936 matuƙa da dama sun rasa rayukansu a cikinsa, aka dakatar da tashinsa. Da aka bincika sai aka gano cewa laifin ba na inji ba ne, tsarin fuka-fukan ne yake sa jirgin ya kafa kai ƙasa ya ƙi ɗagowa. Wannan ya nuna cewa samun injin da ya isa ɓangare ɗaya ne kurum na aikin.

3.2 ABIN DA AKA GWADA A ƘASAR KANO

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Birtaniya suka iso daga Masar. Amma yunƙurin ƙera jirgi a gida da ya fi shahara a jihar shi ne na Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero, wanda labarinsa ya bazu a duniya a shekarar 2007. Ya shafe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota da na babur. Abin lura a nan shi ne bai yi amfani da injin babur ba wajen juya farfela. Injin mota ƙirar Honda Civic mai ƙarfin doki 133 ya sa. Duk da haka, a tashi shida da aka ba da rahoton ya yi, jirgin bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan jirgi yake ɗagawa kaɗan ya tsaya. Idan babbar farfela tana kusa da ƙasa, iskar da take turowa tana dokan ƙasa ta zama kamar matashi a ƙarƙashin jirgin, sai ɗagawa ta yi sauƙi. Da zarar ya yi sama da kimanin faɗin farfelar, wannan taimako ya ƙare, sai bukatar ƙarfi ta ƙaru. Jirgin Robinson R22, wanda mutum biyu kawai yake ɗauka kuma yana cikin mafi ƙanƙanta da ake sayarwa, da ƙarfin doki 124 yake tashi. Saboda haka wannan nazari ya cire jirgi mai saukar ungulu daga cikin lissafi. Shi ne ya fi burge matasa domin ba ya bukatar fili, amma shi ne ya fi nisa da abin da injin babur zai iya.

Ta fuskar jirgi mai fuka-fuki kuwa, akwai abin koyi a Kaduna. Jirgin horo na sojan saman Nijeriya mai suna Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa guda 60, an samo shi ne daga RV-6A, wato zanen da aka yi domin masu haɗa jirgi a gida. Injinsa dai na jirgi ne na asali, ƙirar Lycoming mai ƙarfin doki 180.

3.3 INJIN DA KE HANNU DA ƘARFIN DA AKE BUKATA

Baburan da suka fi yawa a kan hanyar Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada da Doguwa su ne masu sisi 100 zuwa 125, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da sauran waɗanda aka kwaikwayo daga Honda CG125. Ko bayan da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairu, 2013, acaɓa ta ci gaba a waɗannan garuruwa, don haka tsohon inji da kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Silinda ɗaya gare su, mafi yawansu masu bugu huɗu ne, iska ce ke sanyaya su. Mai sisi 100 yana ba da kimanin doki 8, mai sisi 125 kuwa kimanin doki 11, nauyinsa haɗe da giya yana kusa da kilo 30.

A nan mai karatu zai iya cewa, ai ga shi injin ya kusa kamo na Wright a ƙarfi, kuma bai kai rabinsa nauyi ba. Gaskiya ne. Amma Wright sun tashi ne a bakin teku, cikin sanyin Disamba, suna fuskantar iska mai gudun sama da kilomita 30 a awa, kuma tashin farko daƙiƙa 12 ya ɗauka, nisansa mita 37. Ba wannan ne burin mai ƙera jirgi a yau ba.

Bari a yi lissafi da misali. A ɗauka matuƙi yana da kilo 65, gangar jirgi da fuka-fuki kilo 80, inji kilo 30, mai da farfela kilo 10. Jimla kilo 185 ke nan. Jirgin da aka haɗa da bututun ƙarfe da yadi, idan an yi shi da kyau, tirjiyar da iska take yi masa takan kai kashi ɗaya cikin takwas na nauyinsa, wato kilo 23. Kafin a ture wannan tirjiya a gudun kilomita 60 a awa, ana bukatar kimanin doki 5 na tura tsantsa. To amma farfelar katako da aka sassaƙa da hannu ba ta mayar da dukkan ƙarfin inji ya zama tura, idan ta ba da kashi 60 cikin 100 ta yi ƙoƙari. Ke nan sai inji ya fitar da doki 8.5 kafin jirgin ya iya tafiya a miƙe ba ya sama ba ya ƙasa. Idan kuwa ana so ya riƙa hawa mita 2 a kowace daƙiƙa, wanda shi ne zai ba shi damar tsallake bishiyoyin bakin fili, sai an ƙara wasu doki 8. Jimla ta kama doki 16 zuwa 17, wato daidai abin da Mignet ya yi amfani da shi.

Daɗin daɗawa, doki 11 da kamfani ya rubuta an auna shi ne a daidai doron teku da matsakaicin yanayi. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana kan tudun kimanin mita 476, ƙasar kuma ƙara tudu take yi idan aka nufi kudu, har duwatsun Riruwai a Doguwa sun haura mita 1,000. Iska mai zafi ba ta da kauri. A ranar bazara ta watan Afrilu da zafi ya kai digiri 40, iskar Kano takan yi sirantakar da ake samu a tudun mita 1,500, inji kuma yakan yi asarar kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Doki 11 ya koma 9 da ɗoriya. Fuka-fuki da farfela su ma a cikin wannan siririyar iska suke aiki, saboda haka gudun da ake bukata kafin a bar ƙasa yana ƙaruwa a daidai lokacin da ƙarfi ya ragu. Hatsarin da ke nan shi ne irin wannan jirgi zai iya barin ƙasa. Da ba zai ɗaga ba sam, da an huta. Zai ɗaga mita biyu ko uku da sanyin safiya, ya kasa hawa, matuƙi ya ja hancinsa sama don ya tsallake kuka ko ɗorawa, gudu ya ragu, fuka-fuki su saki iska, ya faɗo.

3.4 MATSALAR JUYI DA FARFELA

Ko da ƙarfi ya isa, sai an warware matsalar juyi, kuma a nan ne mafi yawan aikin bakanike yake. Injin babur yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen juyi 8,000 a minti ɗaya. Farfela kuwa ba ta son haka. Idan faɗinta mita 1.5 ne, bakinta yana zagaya mita 4.7 a kowane juyi. A juyi 8,000 bakin zai yi gudun kimanin mita 630 a daƙiƙa, alhali gudun sauti wajen mita 340 ne. Tun kafin a kai can farfelar ta daina tura iska, sai ƙara kawai, katakon ma zai iya tarwatsewa. Idan aka rage juyin zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato 2,700, bakin zai koma mita 212 a daƙiƙa, wanda ya dace. Wasu kan guje wa wannan ta hanyar ɗaura ƙaramar farfela kai tsaye a kan karanshaf. Wannan asara ce, domin babbar farfela mai tura iska da yawa a hankali ta fi ƙarama mai tura kaɗan da sauri amfani. Farfelolin Wright faɗinsu ya kai mita 2.6, juyinsu kuwa wajen 350 ne a minti.

Dabarar da ta fi saurin zuwa wa bakanike ita ce ya bar giyar babur a wurinta, ya cire ƙaramin siforoket, ya ɗaura farfela a nan. Ta fuskar lissafi dabarar ta yi, domin tun daga karanshaf zuwa kuloci an riga an rage juyi sau uku zuwa huɗu. Amma boris ɗin da ke riƙe da wannan sanda an yi shi ne domin jan sarƙa ta gefe. Farfela kuwa fizgar sandar take yi ta tsawonta, kuma duk lokacin da jirgi ya karkata sai ta murɗa ta. Dole farfela ta sami sandarta daban, da boris biyu masu tazara a tsakaninsu, ɗaya daga ciki mai jure tura, sannan a haɗa ta da inji da bel ko sarƙa.

Akwai kuma wata matsala da ido ba ya gani. Inji mai silinda ɗaya mai bugu huɗu sau ɗaya yake kama wuta a kowane juyi biyu. Wato ba a miƙe yake turawa ba, naushi yake yi ya saki. A jikin babur akwai abubuwan da ke shanye wannan naushi: sarƙa tana da ɗan sako-sako, akwai robobi a cikin hob na ƙafar baya, taya ma tana ɗan bayarwa. Farfela kuwa da ta ɗauki juyi ba ta son a ƙara mata ko a rage mata. Sai haƙoran giya da sandar da ke tsakani su riƙa shan duka ta gaba da ta baya sau dubbai a minti. A wani juyi na musamman bugun yakan dace da lanƙwasar ƙarfen, girgiza ta ninka, sanda ta tsinke ba tare da wata alama ba. Wannan ne ya sa bel ya fi sarƙa dacewa a ƙananan injuna, domin yana ɗan zamewa ya shanye naushin. Masu injin niƙa da na casar shinkafa a Tudun Wada sun san wannan a aikace, ko da ba su kira shi da suna ba.

3.5 JURIYA, MAI DA WUTA

Ɗan acaɓa ba ya murɗa totur zuwa ƙarshe na tsawon lokaci. Yana ƙarawa, yana ragewa, yana tsayawa ɗaukar fasinja, inji yana hutawa. Injin jirgi kuwa da cikakken ƙarfi yake tashi, sannan ya zauna a kashi 65 zuwa 75 cikin 100 har a sauka. Injin da lissafi ya nuna da ƙyar yake riƙe jirgi a miƙe, a kashi 100 zai zauna daga tashi har sauka. Kan silinda zai yi zafin da ba a yi shi dominsa ba, baƙin mai ya tsinke, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone ko fistin ya kama. Idan haka ta faru a kan hanyar Falgore, sai a tura babur zuwa gari na gaba. A sama babu wannan.

Injin jirgi na asali fulogi biyu gare shi a kowace silinda, da hanyoyin wuta biyu da ba su dogara da juna ba. Injin babur fulogi ɗaya ne da akwatin wuta ɗaya. Man da ake saye a galan a bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Har ila yau akwai abin da mutanen ƙasa mai zafi ba sa tsammani: ƙanƙara a cikin kafireto. Lokacin da fetur yake zama tururi a maƙogwaron kafireto, zafin wurin yakan faɗi da digiri 20 ko fiye, saboda haka a ranar damina mai laima ƙanƙara za ta iya taruwa ta shaƙe inji. Jirage masu kafireto suna da hanyar shigar da iska mai ɗumi daga jikin salansa saboda wannan.

3.6 INJUNAN DA AKA YI NASARAR SARRAFAWA

A ƙasashen da ake wannan aiki a yau, injin babur da aka fi samun nasara da shi shi ne na BMW mai silinda biyu masu fuskantar juna, irin R100 da R1100. Ƙarfinsu ya kama daga wajen doki 60 zuwa 90, silindojin suna leƙowa gefe inda iska ke dukansu, giyarsu kuma a ware take kamar ta mota, ana kwance ta a ɗaura na'urar rage juyi a gurbinta. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 1989 kuma ya mamaye ƙananan jirage, a kan wannan tsari yake: juyi 5,800, giya mai ragewa sau 2.27, doki 80 a nauyin kimanin kilo 60. A ƙananan injuna kuwa masu bugu biyu ne suka yi gaba. Irin wanda ake goyawa a baya a tashi da lema, kamar Moster 185, yana ba da doki 25 a nauyin kilo 14. Idan aka kwatanta da doki 11 a kilo 30, za a ga inda gizo ke saƙar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake samu a garejojin Ƙiru ko Bebeji.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1999, ita ke yi wa jirgi rajista ta kuma ba da shaidar cancantar tashi, matuƙi kuma sai da lasisi. Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana koyar da tuƙi da gyaran jirage, kuma ba ta da nisa da Kwanar Ɗangora.

3.7 GWAJI A ƘASA

A ra'ayin mai wannan nazari, amfanin injin sisi 125 a wannan fage shi ne koyo a ƙasa, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ana ɗora inji da farfela a kan amalanke mai ƙafafu, a ɗaure ta da igiya a jikin bishiya, a sa sikelin rataye irin na masu awon hatsi a tsakani. Kada kowa ya tsaya daura da farfela, domin ta gefe take watsuwa idan ta karye. A murɗa totur zuwa ƙarshe a karanta sikeli, sannan a bar shi a haka ana duba zafin kan silinda, da bel, da notocin farfela, waɗanda kan saki idan katako ya bushe da hunturu. A maimaita da asuba, a kuma maimaita da azahar, a rubuta bambancin. Jirgin kilo 185 da aka yi misali da shi yana bukatar turar kilo 23 domin tafiya a miƙe, da ƙarin kilo 22 domin hawa, wato kilo 45, kuma tura tana raguwa idan jirgi ya fara gudu, don haka abin da sikeli zai nuna a tsaye dole ya wuce haka. Injin sisi 125 mai lafiya, da farfela mai kyau da bel da aka daidaita, abin da lissafi ya nuna zai ja shi ne kilo 25 zuwa 30.